Sai Ƙaro Ya Bushe

Saliha ta sake kai ludayin bakin mahaifinta, shi kuma ya sake kau da kai wajen bango.

"Baba, ko kurɓi ɗaya."

"Na ƙoshi, Uwata."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiran ta da sunanta ba. Ƙoshin da yake faɗa kuwa, Allah kaɗai ya san da me ya ƙoshi. Tun ranar da kukumarsa ta faɗo daga bango Baba Tambaya ya fara janye hannu daga abinci. Ƙusar da ake rataye ta ce ta gaji da bangon ƙasa ta zame, ƙoƙon ya tsage tun daga baki har kusa da gindi, fatar da aka rufe shi da ita ta ɗaga a gefe guda. An kai shi asibiti a Kura, likita ya dudduba ya ce ba wani ciwo sai tsufa, a samu dai ya riƙa cin abinci, in ba haka ba jikin ba zai kai ko'ina ba. Kamar dai su ba su sani ba.

A zamaninsa, daga Kura har Rano ba a biki ko gayyar noma a ce an gama ba a ji kukumar Tambaya ba. Yanzu idonsa ya tafi, masu biki kuma sun koma hayar lasifika. Abin da ya rage masa shi ne bayan la'asar ya sa a turo masa ƙofa, ya ɗan goga wa kansa a hankali yadda maƙwabta ba za su samu abin faɗa ba. Wannan ɗan abin ne ƙusa ta ƙwace masa.

Daga bakin ƙofa Lukmanu ya leƙo, rigarsa duk baƙin mai. Ƙanenta ne, mai gyaran injin ban-ruwa a bakin kanal.

"Yaya, ya sha?"

Ta ajiye kwanon furar, ta ɗauko kukumar daga kan buhun da aka jingine ta, ta fito tsakar gida. Ya biyo ta.

"Wallahi Yaya, gam ɗin da na sa mata ko ruwan Tiga ba zai ɓalle shi ba."

"Ai ba ruwa aka ce ta riƙe ba, Lukmanu."

Lukmanu ba mugu ba ne, hannunsa ma yana da kyau a aikinsa. Sai dai a wurinsa duk abin da ya tsage yoyo yake yi, duk abin da yake yoyo kuma maganinsa ɗaya ne. Ranar da kukumar ta fashe ya ɗauko gwangwanin gam ɗin da yake haɗa fayif da shi, ya laɓta mata ciki da waje. Saura kaɗan ya zuba mata ruwa ya gwada ko tana ɗiga, sai da Saliha ta riƙe masa hannu. Da aka miƙa wa Baba, ya ja izga sau ɗaya. Abin da ya fito ba shi da maraba da kukan kwaɗon kanal. Tsohon bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ajiye ta ya yi a gefe, ya goge tafin hannunsa a riga, ya juya bango. Daga ranar ko shayin safe ya daina karɓa.

"Ina za ki da ita?"

"Bunkure. Yau kasuwa."

"Aikin naki fa?"

"Wata ta zauna a tabarmata."

Yankan tumatir take yi a Kadawa tare da sauran mata, ana shanyawa. Wuri ne da in ka yi fashi yau, gobe sai ka tarar da wata riƙe da wuƙarka. Ta san da haka, ta dai gaji da sanin abubuwa ne kawai.

Lukmanu ya sosa ƙeya. "Ni da a ce zai ji, mutum da shekarunsa ai carbi ya fi masa."

"Carbin yana hannunsa tun asuba. Kai dai ka zauna kusa da shi, in ya nemi ruwa ka ba shi."

Ta naɗe kukumar da izgarta cikin tsohon zani, ta saka a ƙarƙashin hijabi. Ita 'yar makaɗi ce, ta girma tana jin abin da ake cewa a kan 'ya'yan makaɗa, ba ta da ƙarfin sake jin sa yau.

Mai mashin ya bi da ita ta gefen kanal, shinkafar rani kore shar a hannun dama, kwandunan tumatir jibge a bakin hanya suna jiran motar da ba ta zo ba, wasu har sun fara wari. Rana ta riga ta buɗe. Duk ramin da suka faɗa sai ta ƙara rungume ƙunshin a ƙirji.

"Hajiya, jariri ne?"

"Kayan gyara ne. Ka dai bi a hankali."

A kasuwa ta fara tsayawa wurin mai gyaran takalmi, don shi ne mai gam na farko da idonta ya gani. Ta buɗe gefen zanin kaɗan. Ya leƙa, ya yi dariya, ya ɗauko kwalbarsa mai ruwan ɗorawa, ya ce wannan ko tayar mota zai riƙe. Ta taɓa wanda ya bushe a bakin kwalbar, ta ji yana jawuwa kamar cingam. Ba ta san komai a kan gyaran kukuma ba, amma ta san abin da yake danƙo haka ba zai bar abu ya yi kuka ba. Ta yi godiya ta wuce.

Mai shagon kayan wuta shi ko dariyar ma bai yi ba, yana danna waya ya miƙo mata ɗan sufa-gulu.

"Anti, wannan shi ne ƙarshe. Ɗigo ɗaya, ki ƙirga goma, an gama. Ki dai kula da yatsunki."

An gama. Maganar ta yi mata daɗi a kunne, don ta daɗe ba ta ji an ce wani abu ya ƙare ba. Ta saya, ta ƙulle a bakin zani. Da a ce ta sami inuwa a lokacin, da ta zauna ta ɗiga shi da kanta. Neman inuwar ne ya kai ta layin masu ƙwarya, can ƙarshen kasuwa wajen da Fulani mata suke sauke nono.

Wani dattijo ne zaune a ƙarƙashin rumfar kara, siriri, da hular kaba a gefensa, ya ɗora wata babbar ƙwaryar nono a cinya yana ɗinke tsagarta da basilla. Gidaɗo ake ce masa, ta ji wata mai nono ta kira shi. Saliha ta yi sallama ta tsuguna.

"Baffa, in ɗan zauna a inuwarka?"

"Inuwa ta Allah ce, 'yata. Zauna."

Ta kwance zanin a cinyarta, ta fito da sufa-gulun tana neman yadda ake huda bakinsa. Basillar dattijon ta tsaya.

"Miƙo nan in gani."

Ya karɓi kukumar da hannu biyu. Bai ma dubi tsagar ba, wuyanta ya shafa, inda yatsu suka cinye itacen har ya yi santsi.

"Wannan ta Tambaya ce."

"Ka san shi, Baffa?"

"Ranar da aka kawo mini uwar 'ya'yana ruga, wannan ce ta rako ta. Yana nan?"

"Yana nan. Ni 'yarsa ce." Ta dubi kukumar a hannunsa. "Ba ya cin abinci."

Gidaɗo bai tambayi dalili ba. Ya juya ƙoƙon, ya ga aikin Lukmanu, ya ja tsaki a hankali.

"Wa ya yi mata wannan?"

"Ƙanena. Mai gyaran inji ne."

"Na ga alama."

Ya zaro 'yar wuƙa ya sa bakinta a gefen gam ɗin. Abin da ruwan Tiga ba zai ɓalle ba sai ga shi yana ɗagowa kamar ɓawon albasa.

"Allah ya taimake ku, wannan bai kama ba. Don roba aka yi shi, bai san ƙwarya ba. Zama kawai ya yi a kanta ya toshe mata murya." Ya nuna abin da ke hannunta da bakin wuƙar. "Wancan kuwa zai kama. Shi ne abin tsoro."

"Ba kamawar ake so ba?"

"Ana so. Amma ƙwarya tsotse shi take yi, wurin ya ƙandare kamar kwalba. Ita kuwa da zafi tana ɗan buɗewa, da sanyi ta tsuke. In wuri ɗaya ya ƙi motsi, gefensa ne zai tsage. Ga fata kuma, wata rana dole a canza ta. In kin liƙe ta da wannan, ranar cirewa da bakin ƙoƙon za ta taho."

"To da me ake yi?"

Ya jawo wata tsohuwar jakar fata, ya zazzage 'yan dunƙule-dunƙule a tafinsa, masu launin zuma.

"Ƙaro. Da shi uban naki yake yi, da shi wanda ya koya masa ya yi. Yana riƙewa, ranar da kuma ake so ya saki, ruwan ɗumi kawai za a sa masa. Da can a bayan gidanku ma sai ki tsinta. Da aka zo haƙa kanal aka share itatuwan. Wannan yarana ne suka kawo mini daga wajen kiwo, can kudu."

Saliha ta gyara zama. "To a sa mata, Baffa. In koma da ita ya goga kafin magariba."

"A'a. Yau ba za ta yi kuka ba."

"Don me?"

"Sai ya bushe. In aka ɗaure tsirkiya yana ɗanye, tsagar za ta buɗe, aikin ya tashi a banza. Sai jibi."

Ta dube shi. Jibi. Mutumin da ta baro, da safe sai da ta sa kunne a ƙirjinsa kafin ta yarda barci yake yi.

"Baffa, ban sani ba ko zai kai jibi."

Ta faɗe shi kai tsaye, abin da ko Lukmanu ba ta taɓa gaya wa ba. Gidaɗo ya daɗe yana kallon ƙoƙon. Sannan ya ajiye ƙaron a gefe, ya ajiye kukumar a tsakaninsu a kan tabarma.

"To ga naki nan a hannunki. In kin ɗiga, kafin ki kai bakin titi ya kama. Za ta yi ƙara yau. Ban ce muryarta ta da ba ce, amma za ta yi ƙara. Ni ba zan hana ki ba, ubanki ne."

Ya koma kan ƙwaryar nononsa, ya bar ta da abinta.

Kasuwa tana ta hayaniya a bayanta, wani yana tallan maganin ƙwari da lasifika, wani yana rantsuwa a kan buhun taki. Ta juya ɗan gam ɗin a yatsunta. Ita dai so take a gama. So take ta koma gida, tsoho ya goga abarsa, ya sha fura, ita kuma ta kwanta ta yi barcin da babu sa kunne a cikinsa. Ba wani abu mai yawa take nema ba.

Sai ta tuna yadda ya goge hannunsa a riga ranar nan. Idonsa ne ya tafi, kunnensa yana nan garau, ko taku ya ji a soro ya san na waye. An riga an miƙa masa ita sau ɗaya da muryar da ba tata ba. In aka sake, ba za a samu na uku ba. Tsoro ne ya yanke mata shawara, ba wata hikima ba.

Ta mayar da sufa-gulun bakin zani ta ƙulle.

"Baffa, sa ƙaron."

Aikin ya ci lokaci, har ta yi da-na-sanin tambaya. Ya sassauta tsirkiya, ya cire ɗan itacen da take hawa a kai, wanda ake kira jaki, ya ba ta ya ce ta adana. Ya kankare sauran gam ɗin tas. Ya daka ƙaro ya zama gari, ya aike ta wurin mai shayi ta karɓo ruwan zafi a gwangwani, ya jiƙa. Kafin ya narke ya bi gefen tsagar yana huda ƙananan ƙofofi da basilla, a hankali kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro, ya ɗinke da zare mai ƙarfi. Masu nono suka zo karɓar ƙorensu ya ce su dawo. Saliha ta yi azahar a bayan rumfa, ta dawo ta jingina da gungume, barci ya ɗauke ta ba ta sani ba.

Da ta farka ya riga ya kwaɓa ƙaron da garin ƙwaryar da ya kankara, ya cike tsagar, ya shafa a bakin ƙoƙon ya kwantar da fatar, yana naɗe wurin da tsumma.

"A inuwa za ki ajiye ta, ba a rana ba. Kada kowa ya taɓa tsirkiya sai jibi da yamma. Ki ce masa Gidaɗo na gaishe shi."

Ta sallame shi, ta sayi nono sabo a wurin matan, ta nemi mashin.

La'asar ta wuce lokacin da ta shiga gida. Lukmanu yana zaune a ƙofar ɗakin, ya haɗa kai da gwiwa. Da ganin ta ya miƙe.

"Ko ruwa bai nema ba. An gyara?"

"An gyara. Je ka wurin aikinka."

Bai tafi ba, ya dai matsa gefe. Ta dama sabuwar fura, ta shiga da kwanon a hannu ɗaya, ƙunshin a ɗaya. Ɗakin ya ɗauki zafin kwanon rufi. Baba Tambaya yana nan yadda ta bar shi, carbi a hannu, fuska a bango.

"Baba, na dawo."

Ta tallafo shi ya jingina da filo, ba shi da nauyin da ya wuce na ɗan yaye. Ta ɗora masa kukumar a cinya. Da farko hannunsa bai motsa ba. Can yatsun suka fara tafiya da kansu, suka bi wuya, suka sauka kan tsumman, suka laluba ɗinkin ta ƙarƙashinsa. Ya ɗaga ta zuwa hancinsa ya shinshina.

"Ƙaro," ya ce.

"Shi ne."

"Wa ya yi?"

"Wani Gidaɗo, mai ɗinkin ƙwarya a Bunkure. Ya ce a gaishe ka."

"Gidaɗo yana raye?" Wani abu kamar dariya ya motsa a maƙogwaronsa. "Hannunsa bai mutu ba."

Ya fara lalube a kan tabarma. "Ina izgar? Ina jakin?"

"Ba yanzu ba, Baba. Bai bushe ba."

"Na sani. Na sani." Ya janye hannun, ya mayar kan ƙoƙon yana shafawa. "Ba wani abu nake so ba, Uwata. In ji ta sau ɗaya da muryarta, shi ke nan, in huta. Na gaji."

Duk yinin nan, da rana da ramukan hanya da aikin da ta bari, a zatonta abinci take nemo masa. Ashe shi sallama yake jira a kawo masa. Ta dubi wuyan hannunsa, ta dubi ƙullin bakin zaninta inda ɗan gam ɗin yake. Da ta ɗiga shi, da yanzu yana gogawa.

"Yaushe ya ce?" in ji Baba.

Ta buɗe baki, jibi tana kan harshenta.

"Ya ce sai kasuwa ta zagayo."

Yatsun suka tsaya.

"Ƙaro? Da zafin nan?"

"Gidanmu a bakin kanal yake, Baba. Akwai damshi."

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana jiƙa ƙaro da hannunsa take gaya wa haka. Ya juyo da fuskarsa wajen muryarta, idanun nan farare suna kallon gefen kunnenta. A waje ana jin injin wani yana ta bugawa a gona.

"Damshi," ya ce a hankali.

"Damshi, Baba."

Yatsunsa suka ci gaba da shafa ƙoƙon.

"Kasuwa da nisa, Uwata."

"Da nisa."

Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka ƙara wa kaya ana dab da gida. Ya sa hannu biyu ya ɗaga kukumar ya miƙo mata.

"Sa ta ƙarƙashin gado, can ya fi sanyi. Kada yaron nan ya je kusa da ita da gwangwaninsa." Ya ɗan dakata. "Me kika shigo da shi?"

"Fura ce. Nonon yau."

Ya miƙo hannu. Ta sa masa kwanon, ta tallafi gindinsa don kada ya zube. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye da ƙyar. Ya sake kurɓa.

"Ta yi kauri. Ƙaro ruwa."

Ta fito tsakar gida da kwanon. Lukmanu ya taso zai yi magana, ta girgiza masa kai. Ta tsuguna a gindin randa ta ɗebo ruwa, tana damawa tana tunanin abin da za ta ce masa ran kasuwa mai zuwa.